Dattijo Ya Share Maƙogwaro

A Unguwar Gawo, ƙauyen da ke ƙasan madatsar ruwa ta Watari, akwai dattawa biyu da ake lallaɓawa fiye da yadda suka nema. Na farko shi ne Malam Hashimu, wanda ake kira Na-Baga. Na biyu kuwa injinsa ne na ban ruwa, wanda kowa a ƙauyen, har da liman, yake kira Dattijo.

Ba don noma aka ƙera Dattijo ba. Injin jirgin ruwa ne mai silinda biyu, gas yake sha, da hannu ake tayar da shi. A ƙuruciyar Malam Hashimu shi ne yake tura jirgin wani Alhaji Modu, wanda ke ɗauko banda da kanwa daga tsibiran tafkin Chadi zuwa Baga, kuma Hashimu ya fara a matsayin yaron jirgi kafin ya zama direba. Da ruwa ya ja da baya, katakon jirgin ya ruɓe, Alhaji Modu ya tashi sallamar yaransa. Wani ya zaɓi keke, wani ya zaɓi rediyo, Hashimu ya ce a ba shi injin. A bayan motar kifi ya taho da shi. Mutanen gari da suka fito tarya suna sa ran ganin akwatuna, sai suka ga an sauke ƙarfe mai warin banda. Matarsa Inna Hure, wadda take amarya a lokacin, ta leƙo ta katanga ta duba tsarabar da aka kawo mata, ta koma ɗaki ba ta ce komai ba, kuma masu sanin halinta sun ce wannan ne karo na ƙarshe da aka ga ta yi hakan.

Hashimu ya girke injin a bakin kanal a kan kututturen ɗorawa, ya haɗa shi da babban famfo, ya shiga noman rani. Tumatir da albasa da alkamar da Dattijo ya shayar su ne suka ciyar da gidan, su ne kuma suka kai ɗan farinsa Uwaisu makaranta har ya zama shugaban firamare. Kamar kowane uba mai kunya, Malam Hashimu bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba. Ya daɗe yana fama da "kai" da "yaron nan", har muƙami ya kawo masa mafita, ya koma kiransa Hedimasta.

Wata ɗabi'a ce ta 'yan ruwa Dattijo bai taɓa bari ba. Ruwan da yake zuƙa don sanyaya jikinsa, ta salansa yake fitar da shi tare da hayaƙi. A tafki, ruwan tafki yake komawa. A nan kuwa yana zuba ne cikin kwatar da ke ratsa lambun Malam Hashimu ta wuce lambunan maƙwabta, kuma tsawon shekaru babu wanda ya ga laifin haka, tun da ƙarin ruwa ne kyauta.

Bara ne jiri ya kwashi Malam Hashimu a cikin albasa. Likita a Bici ya ce hawan jini ne, ya ce a rage gishiri, a sha magani kullum, a riƙa motsa jiki daidai gwargwado. Malam Uwaisu ya riƙe umarni na farko da na biyu da kyau, na ukun kuwa ya faɗi a wani wuri tsakanin Bici da gida. A madadinsa ya ƙara wasu daga aljihunsa: ba fartanya, ba rana, ba sunkuyo. Ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya sayo kujerar roba shuɗiya, ya ajiye ta a ƙarƙashin mangwaron lambu. A kanta Malam Hashimu yake wuni yana kallon wasu suna ɓata masa fangali, yana tsaki, yana gyaran murya.

A ranin bana sai Dattijo ya fara abin kunya. Ruwan da ke fitowa daga salansa ya soma zuwa da wani maiƙo mai launin bakan gizo, hayaƙin ya yi fari yana yaji a ido, wani baƙin ruwa kuma yana ɗiga daga bakin bututun. Mati, bakaniken ƙauyen, wanda ke gyara komai daga babur zuwa injin markaɗe, ya canza baƙin mai, ya canza filta, ya ɗaure abin da ya ɗauru da robar taya, daga ƙarshe ya goge hannu ya ce tsufa ne. Maiƙon ya ci gaba da bin kwata. Malam Abdulkabir, shugaban ƙungiyar manoman rani kuma ladanin masallaci, ya zo da kansa, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, sannan ya ambata cewa matan gidansa sun yanka latas sun ji kamar suna cin abinci a tashar mota.

"Baba, ba raini ba ne," in ji Malam Uwaisu da yammacin ranar, yana tsugune a gefen kujerar roba. "Ƙungiya ta ce ko a gyara ko a kashe, kuma suna da gaskiya. Mati ya yi iya saninsa. Na yi magana da Tahir ɗan gwangwan, zai zo da mota ranar Lahadi da hantsi. In an sayar aka cika kuɗin sai a sa sola. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara."

"Abin da ba ya ci, ba ya tari, ba ya magana," in ji Malam Hashimu, "ai gawa kake shirin kawo mini lambu, Hedimasta."

"Baba, kowa ita yake sawa yanzu."

"Allah ya sa albarka."

Iyakar abin da ya ce ke nan, domin ya san an yi wa maƙwabta laifi, kuma shi ba mutumin da zai ci haƙƙin latas ɗin wani ba ne. Amma ya san aikin 'yan gwangwan. Ya taɓa ganin yadda suke yi wa injin niƙa da guduma don ya shiga buhu, su rataye shi a sikeli, su yi gardama a kan nauyinsa. Duk lokacin da ya dubi Dattijo a ƙarƙashin rumfarsa, gudumar yake gani.

Ranar Juma'a da la'asar jikarsa Zakiyya, 'yar Malam Uwaisu, ta dawo hutun ƙarshen mako daga kwalejin ilimi ta Bici, inda take karanta koyar da kanikanci, abin da kakarta take bayyana wa baƙi da cewa tana koyon yadda ake ɓata hannu da takarda. Ta ajiye jaka, ta ji labari a tsakar gida, ta wuce lambu.

"Ango, wa ya ƙwace maka goro ka yi zuru haka?"

"Amarya an iso? Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Amma ka sani, ni ba zan zauna da mijin da aka jera a kujera kamar kayan shago ba."

"To je ki nemo saurayi mai sola," in ji shi. "Babanki yana da su da yawa."

Ta yi dariya ta nufi rumfar. Ta durƙusa a bakin salansa, ta dangwali baƙin ruwan da yatsa, ta murza, ta shinshina. Ta zaro sandar auna baƙin mai ta duba, ta mayar.

"Tsoho, wannan ba baƙin mai ba ne. Gas ne da bai ƙone ba, ya haɗu da kunkunniya. Ana ba shi abinci, yana mayarwa ba tare da ya tauna ba."

"Mati ya ce tsufa ne."

"Kai ma haka ake ce maka, kuma ga shi kana cinye tuwo. A kira Kawu Mati gobe da safe, ya taho da sifanoni."

Da safiyar Asabar Mati ya zo, yana mai cewa shi dai abin da bai gani da ido ba ba ya musunsa, kuma in 'yar makaranta tana da wata dabara, hannunsa yana nan. Ya murza hannun tayarwa, Malam Hashimu ya saki ɗan ƙarfen matsi daga inda yake zaune, domin wannan kaɗai ne aikin da dokar Hedimasta ba ta ambata ba. Dattijo ya yi tari, ya kama, ya shiga bugawa a hankali kamar mai daka da ba ta so.

Zakiyya ta nuna siraran bututu biyu da ke kai gas kan silinda. Ta ce Mati ya sassauta notin na farko. Da ya sassauta, gas ya tsarto, injin ya yi tangal-tangal zai mutu.

"Mayar, mayar! Wannan yana aiki, shi ya sa da aka hana shi abinci aka ji a jiki. Saura ɗan'uwansa."

Mati ya sassauta na biyu. Gas ya tsarto, amma Dattijo ko a jikinsa, ya ci gaba da bugunsa kamar ba a taɓa shi ba.

"Kun ji munafukin," in ji Mati. "Yana karɓar rabonsa, ɗan'uwansa yana yi musu aikin. Akwai irinsa a gidanmu."

Suka kashe injin, suka zaro nozul ɗin silinda ta biyu, wato ɗan ƙarfen da ke fesa gas a ciki. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya tara dauɗa kamar gindin tukunya. Zakiyya ta sa aka ɗaura shi a bututunsa a waje, ta ce kowa ya janye hannu, Mati ya murza. Maimakon feshi mai laushi kamar na turare, sai gas ya riƙa dalala yana ɗiga.

"Ga ciwon," in ji ta. "Abin da ya ɗiga haka ba ya kamawa da wuta, salansa yake tafiya."

 Mati ya zaro ɗayan ma, ya naɗe nozul ɗin biyu a tsumma, ya hau babur sai Bici, wurin masu gyaran injekta. Kafin la'asar ya dawo da ɗaya an wanke, ɗaya an sa masa sabon baki. Aka ɗaura, aka tayar. Sautin ya daidaita, silinda biyu suna amsa wa juna, har Malam Hashimu ya fara kaɗa ƙafa. Suka zauna suna kallon salansa. Suka daɗe suna kallo. Hayaƙin ya ragu, amma bai bar fari ba, kuma a kan ruwan kwata bakan gizon nan yana nan yana juyawa, ya ɗan rame kawai.

Mati ya cire hula ya sosa kai. Malam Hashimu ya daina kaɗa ƙafa.

Zakiyya ta zagaya injin tana tunani, ta dafa kansa don ta leƙa baya, sai ta tsaya. Ta sake dafawa da tafin hannu gaba ɗaya, ta bar shi a wurin.

"Tsoho, tun ɗazu yake aiki, ya kamata a ce ya ƙona ni. Wannan ko ruwan wankan jariri ya fi shi zafi. Yaya kuke tafiyar da shi?"

A nan Malam Hashimu ya gyara zama, domin an zo fagen da yake alfahari da shi. Ya bayyana cewa tun da Dattijo ya manyanta, ya ga bai dace a ci gaba da wahalar da shi ba. Ya sauke masa babban famfo, ya sa masa ƙarami irin na masu lambun bayan gida. Ya ɗaure totur da waya a ƙasa, don kada wani ɗan ƙwadago marar tarbiyya ya matsa masa. Ya buɗe makunnin ruwan sanyaya har ƙarshe, ya yi masa rumfa, kuma in rana ta take ana lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu. Tun da shi kansa aka zaunar da shi a kujera kuwa, ya samu lokacin ƙara kulawa: ya rage totur ɗin ƙasa da da.

"Babu injin da ake girmamawa kamarsa a duk Watari," in ji shi.

"Na gani," in ji Zakiyya. "Girmamawar ce take kashe shi. Injin gas sai ya ɗauki kaya ya yi zafi sannan yake ƙone abin da aka ba shi. Wannan an ƙera shi ya tura jirgi cike da kifi, kun ba shi aikin da jaki zai raina. Cikinsa a sanyaye yake, gas ba ya ƙonewa duka, shi ne ya toshe nozul, shi ne ya taru a salansa. In aka bar shi haka, sabon bakin ma zai koma kamar na da."

"To me ake yi masa?"

"A mayar da babban famfo, a kwance wayar, a rage ruwan sanyi, a bar shi ya yi aiki har ya yi gumi."

"A shekarunsa?" Malam Hashimu ya miƙe tsaye, abin da ya saɓa doka. "Ke yarinya, a Baga ban taɓa ganin wannan ciwo ba!"

"A Baga akwai wanda ya taɓa tausaya masa?"

Ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba: yana iya warkewa, yana kuma iya yiwuwa akwai wani abin da ya gaji a ciki, wanda nauyi zai ƙarasa shi. Ya ce in ya fashe fa? Ta ce ɗan gwangwan ba ya tambayar lafiyar inji, nauyi yake aunawa. Malam Hashimu ya ce zai yi tunani, ya kama hanyar gida, su biyun suna biye da shi a nesa kaɗan.

Babban famfon yana ƙuryar ɗakin girkin Inna Hure, inda wata kaza ta daɗe da mayar da bakinsa wurin saka ƙwai. Zakiyya ta shiga dubawa, ta ba kakarta labari a taƙaice, Malam Hashimu yana zaune a kan tabarma a tsakar gida yana yin kamar ba ya ji.

"Ni ban san inji ba," in ji Inna Hure, da muryar da ta isa har zaure. "Amma mijin nan naki, da yana dawowa daga lambu ya ci tuwo ya yi shiru. Tun da aka ɗora shi a kujera, daga tari sai tsaki sai kaki, miya ba gishiri, ruwa ba sanyi, kaza ta kalle shi. In akwai wayar da aka ɗaure shi da ita, don Allah ku haɗa ku kwance."

"Hure, da ke ake magana?"

"Da kazata nake, Malam. Za a tashe ta daga gidanta."

Malam Hashimu ya buɗe baki zai mayar, sai wani abu ya faɗo masa. Ya tuna duk lokacin da suka doshi gaɓar Baga bayan sun daɗe suna lallaɓawa cikin ciyayin ruwa, Alhaji Modu yakan karɓi totur ya buɗe shi har ƙarshe, jirgin ya ɗaga kai, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sannan ya washe. Yakan ce a bar shi ya share maƙogwaro. Hashimu da sauran yaran jirgi sun daɗe da yanke hukuncin cewa Alhaji yana yi ne don 'yan matan da ke sayar da kifi a bakin ruwa su ɗago kai, kuma ya riƙe wannan zato har tsufansa.

"Allah ya jiƙan Alhaji Modu," ya faɗa a fili. "Mun ɗauki alhakinsa. Mati! Nemo amalanke."

Sai dai akwai sauran magana. Babban famfo in ya buɗe baki, ruwan da yake fitarwa ya fi ƙarfin lambun Malam Hashimu. Cikin ɗan lokaci zai kwashe albasar ya kai ta gonar wani. Dole a samu inda ruwan zai tafi. Don haka bayan sallar magariba Malam Hashimu ya tsaya a ƙofar masallaci ya sanar cewa gobe da safe duk mai lambu a layin kwata ya zo da fartanya ya buɗe hanyarsa, Dattijo zai yi ban ruwan gayya. Malam Abdulkabir ya tambaya cikin ladabi ko da man za a haɗa ko ruwan zalla ne. Aka ba shi tabbacin za a karkatar da salansa cikin rami har sai shi da kansa ya gamsu. Malam Uwaisu ya ce bai hana ba, amma bai soke zuwan Tahir ba, domin shi mutum ne mai son tsari.

Da safiyar Lahadi lambun ya cika. Masu ƙorafin duk sun zo, wasu don ruwa, wasu don kada a ba su labarin fashewar Dattijo. An haƙa rami a gefe an juya bakin salansa ciki, an ɗaura babban famfo da sabon bel, an yaye buhunan. Mati ya murza, injin ya kama. Zakiyya ta rage ruwan sanyi, ta miƙa wa kakanta filaya.

Ya tsaya a kan injin ya yi bisimilla, ya ce a hankali, "Ka yafe ni in na yi kuskure, wancan karon ko wannan." Ya datse wayar, ya tura totur.

Dattijo ya yi wata ƙara da yaran ƙauyen ba su taɓa ji ba. Bel ya miƙe, kututturen ya girgiza, rumfar ta hau rawa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har ya rufe mangwaron. Salansa ta shiga tofar da baƙin ruwa da gudajin kunkunniya cikin ramin. Mutane suka ja da baya, Mati ya fi kowa nisa. Sautin ya sarƙe, ya yi ƙasa, kamar zai shiƙe. Malam Hashimu bai ɗauke hannu daga totur ba, bakinsa yana motsi. Sai wani dunƙulen baƙi ya fito fat, injin ya ja numfashi, ya koma wani bugu mai zurfi, daidaitacce, wanda Malam Hashimu ya sani kamar muryar mahaifiyarsa. A daidai lokacin bakin famfon ya feso ruwa mai kaurin cinyar ƙato.

"Ku buɗe! Ku buɗe hanya!"

Kwata ta cika ta tumbatsa. Kowa ya ruga lambunsa, ana ihu, ana datsewa, ana buɗewa, wani yana zagin ɗansa da ya tsaya kallo. Malam Uwaisu, wanda ya zo da farar shadda don karɓar baƙo, ya tsinci kansa cikin laka yana toshe wata ɓaraka da hannu, takalminsa ɗaya ya bi ruwa ya nufi latas ɗin Malam Abdulkabir. Ruwan ya kai har lambunan ƙarshen layi, waɗanda suka saba samun ragowa.

Da rana ta ɗaga, hayaƙin ya koma toka-toka, daga nan ya zama iska mai rawa da ƙyar ake ganinta. Zakiyya ta kai hannu kan injin ta janye da sauri tana yarfewa tana dariya. Ta tara ruwan salansa a ƙwarya ta kai wa Malam Abdulkabir. Shi kuwa ya bi da shi yadda aka koya masa duba ruwan tsarki: ya karkata ƙwaryar ga rana ya duba launi, ya shinshina, ya dangwala a harshe, ya gyara murya saboda muhimmancin muƙaminsa.

"Launi babu, wari babu," in ji shi. "Ɗanɗano kuwa na ƙarfe ne kaɗan, irin na buta sabuwa. A mayar da shi kwata."

Aka yi kabbara, wata daga cikin matan da suka kawo fura ta rangaɗa guɗa, Inna Hure ta ce a yi a hankali, ba haihuwa aka yi ba.

A cikin wannan hayaniya a-kori-kurar Tahir ɗan gwangwan ta iso, da sikeli da guduma da yara majiya ƙarfi. Ya sauko ya dubi injin da aka ce masa ya mutu, ya dubi ruwan, ya nemi wanda zai yi masa bayani, kowa yana cikin laka. Da ya ga kujerar roba shuɗiya babu kowa a kai, ya zauna, aka miƙo masa fura.

Kujerar babu kowa ne domin mai ita yana can tsakiyar albasa, ya naɗe wando har gwiwa, ya karɓe fartanya daga hannun wani ɗan ƙwadago yana gyara bakin fangali, yana nuna masa yadda ake yi tun kafin a haifi ubansa. Malam Uwaisu ya hango shi, ya taho da takalmi ɗaya.

"Baba! Baba, likita ya ce..."

Malam Hashimu ya nuna kunnensa, ya nuna Dattijo, ya girgiza kai, ya ci gaba da aiki.

"Abba," in ji Zakiyya daga bayansa, "ni fa na raka ku Bici ranar. Bayan gishiri da magani, akwai abin da likita ya ƙara."

Malam Uwaisu ya tsaya ya dubi mahaifinsa, ya ga gumi yana bin gemunsa, ya ga kuma tun safe bai ji ya yi tsaki ba. Ya ce to, amma ban da tsakar rana, kuma da hula. Malam Hashimu, wanda ƙarar inji ta hana shi jin maganar farko, ya ji wannan sarai, ya ce ya amince.

Aka ba Tahir haƙuri, aka haɗa masa kwandon tumatir saboda man da ya ƙona. Ya ce shi dai a sana'arsa ba a komawa da mota fayau, ko ƙusa ce a ba shi. Mati ya kawo masa tsohon bakin nozul da guntun wayar da aka datse. Tahir ya jujjuya su a tafin hannu ya ce wannan ko sikeli ba zai ji su ba.

"Kuna karɓar roba?" in ji Malam Hashimu daga cikin albasa.

"Muna karɓa, Baba."

"To tashi daga kan kayanka."

Tahir ya miƙe, yaransa suka ɗaga kujerar suka jefa a bayan mota. Malam Uwaisu ya tuna shi ya saye ta, ya dubi mahaifinsa, ya bar ta ta tafi. Motar ta juya ta bi gefen kanal tana tangaɗi, kujerar a kife ƙafafunta a sama, Malam Hashimu kuwa ya ɗaga murya ya ce wa Mati ya ƙara wa Dattijo gas, akwai sauran lambunan ƙetaren hanya.